Kuɗin da manhaja ke rubuta wa katinka, wa zai biya shi a Kano?

Harkar tara katunan Pokémon da na 'yan ƙwallo irin na Panini da Topps ta fara shiga samarinmu a Kano, duk da cewa har yanzu 'yan tsiraru ne. Wani daga Ingila ɗan'uwansa ya aiko masa, wani tsarabar Dubai ce, wani oda ya yi ta intanet. Ba ni da ja a kan wannan sha'awa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kuɗin da shafuka da manhajojin tara kati suke rubutawa a ƙarƙashin kowane kati da sunan darajarsa, yaranmu kuma su riƙe shi kamar yankan wuƙa, har su gina ciniki da musaya a kansa. Mafi yawan lokuta wannan lissafin ba daidai ba ne, kuma mai ƙaramin sani shi yake kwana a ciki.

Daga ina ma suke samo shi? Shafuka irin su PriceCharting suna kwaso cinikin da aka yi a eBay, babban shafin saye da sayarwa da gwanjo na intanet, ne su fitar da matsakaici. TCGplayer, wanda eBay ya saye a 2022, yana lissafi da cinikin kwanan nan na cikin shafinsa, kuma kasuwarsa ta Amurka ce. Cardmarket na Jamus na mutanen Turai ne. Ka ga ke nan tun daga tushe farashin wata kasuwa ake nuna maka, mai masu saye dubbai da aikawa cikin sauƙi. Babu Sabon Gari a cikin lissafin, babu Farm Centre.

Kuma ko a can ɗin ma lissafin yana da ramuka. Katin da ake sayarwa kullum, matsakaicinsa yana kusa da gaskiya. Amma wanda sai an yi wata da watanni kafin a sayar da guda, ciniki ɗaya tak ya isa ya ɗaga shi sama ko ya kayar da shi ƙasa. Wani ya ci gwanjo ya ƙi biya, amma lambar ta riga ta shiga lissafi. Wani ya sa kaya a dala ɗari, aka taya saba'in ya sallama, amma abin da mai dubawa zai fara gani ɗarin ce. Sai kuma mafi muni, wato mai kaya ya turo nasa su riƙa ƙara kuɗi a gwanjo ba da niyyar saye ba. A watan Agustan 2021 eBay ya dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan dillalan kati a lokacin, bisa zargin irin wannan, kodayake kamfanin ya musanta. Mu da muka tashi a garin kasuwanci mun san hukuncin wannan ɗabi'a tun a makarantar Islamiyya: najashu ne, kuma Annabi (SAW) ya hana shi. To ta yaya lambar da mai yiwuwa da najashu aka hura ta za ta zama alƙali tsakanin yara biyu Musulmi a Gwammaja?

Inda abin ya fi cutarwa shi ne wajen gane katin kansa. Ɗauki Charizard, ɗaya daga cikin shahararrun katunan Pokémon. Hoton da ke kan bugun farko na Turanci na 1999, shi ne dai aka sake bugawa a 2016 da kuma 2021. Na bugun farkon wanda kamfanin PSA mai tantance lafiyar kati ya ba shi cikakken maki 10 an sayar da shi dala 420,000 a 2022. Sauran kuwa ba su kama ƙafarsa ba ko kusa. Bambancin ɗan tambari ne a gefen hoto, da inuwar da ke gefen hoton, da shekarar da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Kyamarar waya, wadda manhaja ke gane kati da ita, a hasken farfajiya tana iya ruɗa su, balle ta gane jabu, wanda ya cika duniya.

Ɗan yayata ya zo min da waya a hannu yana rawar jiki. "Kawu, duba ka gani, wannan kaɗai ya kai kuɗin babur." Na karɓi katin na juya bayansa. Kusurwoyi biyu sun yi fari, tsakiyarsa ya ɗan lanƙwashe saboda damina, da na karkata shi wajen taga sai ga ƙananan zane-zane a fuskar mai ƙyalli, irin wanda ƙurar hunturu ke bari idan an goge da gefen riga. Manhajar ba ta ga ko ɗaya ba. Farashin sabon kati fil ta ba shi. Masu tantancewa kuwa waɗannan abubuwan suke bi da madubi: kusurwa, gefe, fuska, da daidaiton hoto a tsakiya. Tsakanin maki 10 da maki 6 kuɗi kan faɗi ninki-ba-ninki. Na tambaye shi ko ya taɓa musaya da wannan lissafin, ya ce ai kowa da shi yake yi. Ashe ya taɓa ba wani babban yaro katuna biyar masu lafiya ya karɓi guda ɗaya, saboda waya ta ce kuɗinsu ɗaya.

A ce ma lambar daidai ce. Kafin ta zama naira a aljihunka sai ka cire la'adar shafin, wadda a eBay take kusan kashi 13 cikin ɗari, ka cire kuɗin aikawa daga Kano zuwa Amurka da inshora, ka cire kuɗin tantancewa idan kana so a yarda da kai, sannan ka nemo hanyar da kuɗin za su shigo. Sai ka ga katin dala ashirin bai biya kuɗin motarsa ba. Ga kuma wani ruɗin da ya keɓanta da mu: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024. Yaro ya buga lissafi ya ga katunansa sun ninka uku a naira, ya ɗauka jarinsa ne ya haihu, alhali katin yana nan inda yake, kuɗinmu ne suka zube.

Wani zai ce ai ƙiyasi ne kawai, kuma shafukan ba su ce za su saya ba. Gaskiya ne. Amma su ne suke tara kuɗin katunanka su rubuta jimilla da manyan lambobi a saman allo, da koren layi yana hawa, don sun san wannan ne ke dawo da kai kullum. Ɗan canji a Wapa idan ya faɗa maka farashi, a shirye yake ya ƙirgo maka kuɗin nan take. Manhaja ba ta da aljihu.

Abin da nake nema daga masu waɗannan shafukan bai fi ƙarfinsu ba. Su nuna ciniki nawa aka gina lambar a kai, yaushe aka yi na ƙarshe, a wace ƙasa, kuma katin yana wane hali. Idan ciniki biyu ne kacal a shekara, su faɗa ƙarara. Ku kuma ƙannena masu musaya a majalisa da zaurukan WhatsApp, kafin ku miƙa kati ku buɗe jerin waɗanda aka riga aka sayar, ku duba lambar da shekarar da ke ƙasan katin, ku juya bayansa a hasken rana. Idan babban yaro ya matsa maka cewa waya ta riga ta yanke, ka ce masa ya biya ka kuɗin da wayar ta rubuta a hannu, in ya ƙi ka ce albarka ka mayar da katinka cikin leda.