Hazon rawar farko: ku tambayi injin kafin ku biya

Idan aka zo maganar rawar farko ta ango da amarya, sai ka ji ana cewa "a sa mana hayaƙin nan mai kwanciya a ƙasa", kamar duk abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma na ga yadda rashin sanin haka ya ɓata wa ƙanwar abokina daren da ta shafe watanni tana shiryawa.

Mai adon wurin ya kawo injin hayaƙi na yau da kullum, irin mai dafa ruwan giliserin, ya ɗaura masa akwatin ƙanƙara a baki. Minti na farko wallahi abin ya yi kyau, kamar a kan gajimare suke takawa. Daga nan hayaƙin ya ɗumama, ya fara tashi. Kafin waƙar ta kai rabi ya kai musu kugu, can kuma ya rufe fuskokinsu. Ina kallon amarya tana danne tari tana murmushin dole, mai hoto kuma sai goge gilashin kyamara yake yi, alhali ba nan matsalar take ba. Har yau ba ta son a buɗe hotunan nan. Irin wannan hayaƙin yana iya tayar da ƙararrawar gobara ma, shi ya sa wasu ɗakunan taro suka hana shi.

Ni dai shawarata, a nemi busasshiyar ƙanƙara. Iskar kabon dayoksaid ce da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78.5 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa kai tsaye. Idan aka nutsa ta cikin ruwan zafi a injinta, tururin ruwan sai ya zama farin hazo mai kauri. Ga sanyi, ga iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka hazon yake malala a ƙasa kamar madara, ya tsaya wajen idon sawu zuwa gwiwa, ya ɓace ba wari. Akwai kuma inji mai farfasa ruwa da girgizar sauti. Ya fi daɗewa yana aiki, amma don waƙar minti 3 ko 4 ban ga abin da ya kai ƙanƙarar ba.

Sai dai tana da sharuɗɗanta. Ba a taɓa ta sai da safar hannu mai kauri, domin tana ƙona fata. Ba a rufe ta cikin mazubin da iska ba ta fita, zai iya fashewa. Abin da ya fi damuna shi ne yara: suna son kwanciya cikin hazon, kuma a ƙasan ne iskar take taruwa. A riƙe su har ya watse. A kuma duba daɓen, don yana iya yin danshi ya yi santsi, ga amarya da dogon takalmi.

Idan a fili za a yi bikin, ku haƙura kawai, iska kaɗan za ta kwashe shi. A cikin ɗaki kuwa, a nemi izinin masu wurin tun da wuri, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki kafin a kunna waƙar, a rufe ƙofofi na ɗan wannan lokacin, a buɗe da an gama. Ku ce wa mai fitila ya haska ango da amarya daga baya, ƙasa-ƙasa, sannan kada su shigo sai hazon ya gama rufe filin rawar.