Takardun mutane amana ne, mu gyara musu wurin zama a kwamfuta

Da ku nake, 'yan uwana masu shagon buga takardu a garuruwanmu, da malaman da ke riƙe da sakamakon ɗalibai, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma. Daga Ringim zuwa Taura, Garki har Babura, da wuya ka shiga kasuwa yanzu ba ka tarar da mai laftof da firinta da farantin sola ba. Alhamdulillahi, mutanen ƙauye sun rage sintiri zuwa Dutse ko Kano kan takarda ɗaya. Amma yadda muke ajiye abin da ke cikin kwamfutocin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ka leƙa fuskar kwamfutar da yawanmu. Ta cika maƙil, ko hoton baya ba a gani. Doc1, Doc2, New folder, cikinta kuma wata New folder. Hotunan da aka turo ta WhatsApp suna nan da sunan da manhajar ta raɗa musu, IMG da jerin lambobi. A cikin wannan tarin ne takardar cinikin gonar wani take, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da sakamakon NECO na yarinyar da iyayenta suka sayar da akuya suka biya mata kuɗin jarrabawa.

Sai dattijo ya zo da takarda a leda, ruwan damina ya cinye rabin rubutun. "Yaro, wadda ka ɗaukar mini bara, ka sake fitar mini da ita." Yaro ya dinga buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, caji na sauka, layi na tsawo, daga ƙarshe ya ce, "Baba, sai dai a sake bugawa." Sake bugawa ba ya dawo da sa hannun mai unguwa, ba ya dawo da dangwalen shaidun da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Takardar tana cikin kwamfutar, amma da ita da babu duk ɗaya.

Ra'ayina shi ne, duk fayil ɗin da za ka ajiye, ka sa masa sunan da yaron shagonka zai gane ko ba ka nan. Fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan sunan mai takarda da abin da ta ƙunsa: 2024-03-12 Malam wane cinikin gona. Dalilin fara da shekara shi ne kwamfuta tana jera sunaye ne daga harafin farko, don haka takardun za su bi juna da kansu, na da a sama, na yanzu a ƙasa. A raba lambobin da ɗan karan tsakiya, domin Windows ba ta yarda da karkataccen layi ko ɗigo biyu a sunan fayil. Sunan mutum kuma a tsaya kan rubutu ɗaya. In ka sa shi da ƙ mai lanƙwasa yau, gobe ka neme shi da k, za ka iya rasa shi.

Folda ba sai ta yi yawa ba. Manomi ba ya zuba gero da dawa da wake a buhu ɗaya, amma kuma ba ya ɗinka wa kowane kwano buhunsa. Ta makarantu, ta filaye da gonaki, ta ƙungiyoyi, ta katunan biki, kowacce da shekaru a cikinta, sun wadatar.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin ajiyar. Fuskar kwamfuta da foldar da abin da aka sauko daga intanet ke faɗawa duk suna ɓangaren faifan ajiyar kwamfuta da ake kira C ne, tare da Windows ɗin kanta. Ranar da ta ƙi tashi aka kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, ɓangaren C ake sharewa. Shi ya sa ya kamata takardun mutane su zauna a ɓangaren D. Sai dai a yawancin laftof, C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu, in ya mutu sun tafi tare. Dole a sami kwafi a waje. Filash yana taimakawa, amma a sani abin da aka goge daga filash ba ya shiga kwandon shara na kwamfuta, inda ake iya dawo da abin da aka goge, kuma filash mai yawo daga shago zuwa shago shi ke kwaso bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi, wato alamomi masu kama da fayilolin, a madadinsu. In hakan ta faru kada a yi gaggawar fomatin, galibi takardun suna nan a ɓoye. Duk mai adireshin Gmail kuma yana da wurin ajiya kyauta a wurin Google, har gigabait 15, kuma takardun rubutu ba su da nauyi. Da dare, lokacin da sabis ya yi sauƙi, a ɗora muhimman.

Wani abin kuma ba ajiyewa yake so ba, gogewa yake so. Takardar NIN ta mutum da lambobinta 11 da hotonsa, ka fitar masa ya tafi, me take yi a fuskar kwamfutar da kowane yaro ke taɓawa? In bai ce a ajiye masa ba, a goge.

Na san abin da za a ce: ranar kasuwa mutum goma na tsaye a kanka, wa ke da lokacin rubuta dogon suna? Gaskiya ne. To a buɗe folda ɗaya a kira ta "na yau", duk aikin ranar ya shiga ciki. Bayan magariba, kafin a rufe shago, tun kana tuna fuskar mai kowace takarda, ka sa musu suna ka kai kowacce gidanta. Washegari foldar ta wayi gari babu komai a ciki.