Kakar da ta nemi takardar riƙon jikanta ba ta yi abin kunya ba

Tun da aka fara ganin tsofaffi a harabar kotu a Damagaram suna roƙon alƙali ya rubuta musu takardar da ke tabbatar da cewa jikokin da ke hannunsu su ne ke riƙonsu, masu zaman majalisar hira suka samu abin tattaunawa. Cewa suke yi kai maganar jika gaban hukuma zubar da mutuncin zuri'a ne, kuma wai ɗabi'a ce da aka aro daga Turawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akasarin masu wannan magana ba su taɓa saya wa yaran nan ko ƙwayar maganin zazzaɓi ɗaya ba.

Duk wanda ya san ƙauyukan Kance da Matamaye da Magarya ya san a hannun wa yara suke. Maza sun tafi ci-rani Libiya da Najeriya, mata da dama sun bi hanyar Aljeriya, kuma ba mu manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu ƴan yankin Kance. Idan aka haɗa da yawan sakin aure, sai a ga gidaje masu yawa inda tsohuwa ce uwa, ita ce uba. Riƙo tsohon abu ne a wurinmu, tun da a ɗakin kaka ake yaye, kuma ɗan fari da uwarsa ke jin kunyarsa can yake tashi. Sai dai a da babu mai tambayar takarda. Yau kuwa ba a zana jarrabawa sai da takardar haihuwa, yaron da ba a yi wa rajista da wuri ba sai an bi ta kotu, kuma idan uba ma'aikacin gwamnati ne ya rasu, ba a sakin haƙƙin marayu sai an nuna wanda taron dangi ya naɗa a rubuce. Tsohuwar da ba ta da komai a hannu sai ta yi ta yawo daga wannan ofishi zuwa wancan da ƙafar da ke ciwo.

Mafi muni shi ne uban da ya yi shekara goma babu saƙo babu aike, ya dawo daidai lokacin da yarinya ta isa aure ko yaro ya isa riƙe hauya, ya ce ɗansa ne, a ba shi. Sai dangi su taru su ba tsohuwa haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi.

Masu cewa wannan neman haƙƙi baƙon abu ne, da sun koma ga Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukan malaman garin nan, da sun ji kunya. A mazhabar Malikiyya, reno bayan rabuwar aure na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, kuma idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, mahaifiyarta ce ke biye da ita, sannan ƴar'uwar uwar. Uba yana nan da waliccinsa, ciyarwa kuma tana wuyansa, amma ba shi ne na farko a reno ba. Karɓe yaro da zarar ya kai shekara 7 al'ada ce kawai da aka lulluɓa wa rigar addini, domin ta yi wa maza daɗi.

Dokar ƙasa ma ba ta taimaki tsofaffin nan ba. Nijar ba ta da kundin dokar iyali, tun da yunƙurin farkon shekarun 1990 da na 2011 duk sun rushe a gaban adawar ƙungiyoyin addini, kuma dokar tsarin shari'a ta bar sha'anin aure da saki da gado ga al'adar masu ƙara, alƙali yana zama da mashawartan gargajiya. Saboda haka makomar yaro ta dogara ga wace al'ada mashawarcin ranar ya tuna.

Akwai masu cewa kaka tana sangarta yaro ko tana ɗora masa talla, kamar dai matan uba ba sa yin haka. Masu jiran a kwafo mana dokar Faransa kuwa za su daɗe suna jira.

Abin da ake buƙata bai kai nan ba. Fadar Sarkin Damagaram da masu unguwanni sun riga suna sasanta rigingimun iyali kullum, don haka su riƙa rubuta wanda ke riƙon yaro da tun yaushe, kotu ta sa hannu ba tare da an tatsi tsohuwa ba. Uban da ya dawo neman ɗansa kuma, kafin a saurare shi, a tambaye shi a gaban shaidu buhun hatsi nawa ya aiko a shekarun da ya yi ba ya nan.