Ka ƙi gaida kowa, sannan ka ce garin babu mutanen kirki

Ƙannena masu barin gida saboda karatu ko aiki, abin da na gani makon nan ne ya hana ni yin shiru. Wani saurayi ya tare a gidan hayar da nake, watanni yana shiga yana fita, kunne a toshe, ido a kan waya, bai taɓa ce wa kowa sannu ba. Zazzaɓi ya kayar da shi, sai da maƙwabcin ɗakinsa ya ji nishi aka ɓalle ƙofa. A asibiti aka tambayi sunansa, duk cikinmu babu wanda ya sani. Allah Ya ba shi sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ashe kullum kukan da yake kai wa 'yan gidansu a waya shi ne mutanen garin nan ba su da kirki.

Wane kirki kake nema a wurin wanda ka wuce shi kamar ba ka gan shi ba? Baƙon da bai yi sallama ba mugu ne, haka muka taso muka ji. Kai ne sabon zuwa, kai za ka fara miƙa hannu. Ba ka san sunan mai gadi ba, ba ka san wanda kuka haɗa bango da shi ba, a wurin aiki ana tashi ka sulale. Hirarka duka tana WhatsApp da abokan da ka baro, waɗanda ko ruwa ba za su iya miƙo maka ba ranar da ka kwanta. Zumunta a ƙafa take, kuma sabo sai da zama. Wani malamin Jami'ar Kansas a Amurka, Jeffrey Hall, ya nuna a binciken da ya fitar a 2018 cewa sai an shafe kusan awa 50 tare kafin sanayya ta fara zama abota, aminci kuwa ya haura awa 200. Kai da ko minti biyar ba ka ba maƙwabcinka ba, daga ina aminin zai faɗo?

Ku duba Abdurrahman bin Auf da ya yi hijira zuwa Madina a 622. Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'ad bin Rabi'. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya gode, ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa kasuwa. Cikin mutane ya shiga, bai kulle kansa yana jiran a zo a lallashe shi ba.

Wasunku ma girman kai ne, ba kunya ba. Komai na garin sai kun kushe, yarensu, tafiyarsu, yanayinsu, wai can inda kuka fito ya fi. Wa zai jawo mai raina shi a jiki? Wasu kuma da kaɗaici ya ishe su sai su manne wa duk wanda ya fara yi musu dariya, ko ɗan shaye-shaye ne, ko mai cin bashi ba biya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da kun gaida mutanen kirki tun farko, da ba ku faɗa hannun waɗannan ba.

Ku sauke kai, ku gaisa, ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Mu ma da kuka tarar muna da namu laifin, don an daina ƙwanƙwasa wa baƙo ƙofa a ce masa sannu da zuwa. A da, kafin mutum ya kwance kayansa an san sunansa da na mahaifinsa, in bai fito ba kwana ɗaya an aiko yaro ya duba shi. Yanzu sai a shekara ana shiga ƙofa ɗaya, in wani ya rasu sai an ga motar ɗaukar gawa a fara tambayar wane ne.