Bidiyon ɗaga ƙarfe: na nuna ƙwanji da na neman gyara

A gidajen motsa jiki na birnin Manchester da ke Ingila, inda nake zaune, an saba ganin mutum ya jingina wayarsa a kan benci kafin ya kama ƙarfe, domin kocinsa yana wani gari, wani lokaci ma wata ƙasa, kuma ta bidiyo yake duba aikin ya aiko da gyara. Matasanmu na Birnin Kebbi da Argungu su ma suna ɗaukar bidiyo, ina kuwa ganinsu a TikTok da Facebook, sai dai yawancin nasu na nuna ƙwanji ne: an ɗauko fuska da ƙirji, an ɗora kiɗa, an yanke ƙafafu. A ganina wayar da ke hannunsu ta isa ta kai su ga ƙwararren mai horarwa, in da za su yarda su ɗauki bidiyon da zai fallasa kuskurensu.

Koci ba ya bukatar fuskar mai ɗagawa. Abin da yake nema shi ne a ajiye wayar daga gefe, daidai tsayin ƙugu, nesa yadda jiki duka zai fito tun daga diddige har zuwa sandar ƙarfen da ake ɗagawa, kuma kada a ba aboki ya riƙe yana zagayawa da ita. Daga gefe ne ake gane ko sandar tana hawa miƙe a saman tsakiyar tafin ƙafa, ko gadon baya yana lanƙwashewa yayin ɗaga ƙarfe daga ƙasa, ko kuma ƙugu ya sauka ƙasa da gwiwa a tsugunno. Idan ana zargin gwiwoyi suna faɗawa ciki, sai a ƙara wani daga gaba. Ɗagawar ƙarshe, wadda gajiya ta fara ɓatawa kuma matasanmu suke gogewa don kunya, ita ce ta fi amfani a wurinsa. WhatsApp yana rage ingancin bidiyo, saboda haka gara a tura shi a matsayin fayil, ko da zai ƙara cin data.

Akwai abin da gida ya fi nan. Wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa a Argungu ya san yadda tsohon ɗan kokawa yake gyara wa yaro tsayuwa nan take, da hannu da tsawa, alhali gyaran bidiyo sai an gama motsa jikin yake isowa. Mutanen nan suna biyan kuɗi duk wata ne don su sami inuwar abin da muke samu kyauta.

Inda muka gaza sosai shi ne sanin nauyi. A nan sandar maza kilo 20 ce, ta mata 15, faifan ƙarfe da ake zurawa a gefen sandar kuma launinsa ke faɗin nauyinsa: ja 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. A unguwanninmu kuwa siminti ake zubawa a bokiti a soka bututun ƙarfe, babu wanda ya san ko ɓangarorin biyu sun zo daidai, kuma kocin da ya ga kafaɗa ɗaya ta karkace zai ɗora laifin a jikin yaron, alhali na simintin ne. Kafin a tura bidiyon farko, a kai kowane dunƙule wurin masu sikelin auna shinkafa a kasuwa, a rubuta nauyinsa da fenti a gefen da wayar za ta gani.