Kukan wata na uku

Duk mai ɗan'uwa a ƙasar waje ya san yadda abin yake tafiya. Watan farko hotuna ne ke ta shigowa a WhatsApp, ga shi cikin dusar ƙanƙara, ga shi a tashar jirgin ƙasa, yana ta labarin wuta ba ta ɗaukewa. Kafin wata uku ko huɗu murya ta canza. Abinci lami, maƙwabci ba ya gaisuwa, in a Ingila ne lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shigowa. Mu kuma a nan sai mu hau shi da faɗa, wai ya yi wa Allah butulci, wasu na neman biza ido rufe shi yana ƙorafi.

Ni dai ban ga butulci a ciki ba. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya bayyana wannan hali na gigin baƙunta, wanda ya kira culture shock, tun 1954 a wata lacca a birnin Rio de Janeiro na Brazil, aka buga a 1960. Ya kasa shi mataki huɗu: ɗoki, sai haushin gari da mutanensa, sai a fara farfaɗowa, sai sabo. A ganinsa tushen damuwar shi ne mutum ya rasa ƙananan alamomin da ya tashi da su, irin su yaushe ake miƙa hannu, yaushe magana wasa ce, yaushe da gaske ake.

Mu mazauna Legas ma ai ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Yaron da ya sauka a kasuwar Mile 12 daga Arewa, satin farko bakinsa a sake yake, ga gadar Third Mainland, ga ruwa iya ganinka. Sai kwandastan danfo ya zazzaga masa Yarbanci kan canji, agbero, wato ɗan tasha, ya tare shi, gumi ya ƙi bushewa a jiki, mai gida ya ce kuɗin shekara zai biya har da na ejan. Ya tsaya zai yi gaisuwa irin ta gida, ina gajiya, ina iyali, mutumin ya riga ya yi gaba. Daga nan sai ka ji ya fara: mutanen nan ba su da kirki.

Oberg ya lura cewa a wannan matakin baƙo kan gudu cikin 'yan ƙasarsu, su taru suna kushe masu gari. To mu zango muke da shi. Agege, Idi-Araba, Obalende, akwai masallaci, akwai tuwo, akwai mai shayi, akwai Sarkin Hausawa in rigima ta taso. Wallahi rahama ce, ba don zango ba da yara da yawa sun koma gida a wata na biyu. Amma inuwar tana da daɗi har takan hana tafiya. Za ka ga dattijo ya shekara talatin a garin nan, bai iya ciniki da Yarbanci ba, bai taɓa zuwa sunan maƙwabcinsa ba, har yau hirarsa ta mataki na biyu ce. Alhali fataken goron da suka kafa zangon Agege da manoman Yarbawa suka yi hulɗa, jikokinsu kuwa harshe biyu ne a bakinsu. Haka ma ɗalibin da ya je Malesiya ko Masar ya maƙale a ɗakin 'yan Najeriya, digiri kawai zai dawo da shi.

Inda na saba da lissafin Oberg shi ne matakan ba sa tafiya a jere. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, mutanen da suka daɗe da sabo da gari sun koma haushi a rana ɗaya.

Akwai kuma gigin komawa gida, wanda wasu masana biyu 'yan Amurka masu suna Gullahorn suka yi rubutu a kai a 1963. Mutum ya je Sallah Katsina, kwana uku ya fara ganin kowa na da nawa, yana ɗaga murya a tasha ba dalili, gwaggonsa tana tambayar wa ya ɓata wa yaron nan rai. Shi kuwa tuni yana waya yana neman motar da za ta tashi zuwa Ikko ranar Asabar.