Ka tambaye ta RAM ɗinta nawa ne?

Wallahi tun ranar Asabar nake danne zuciyata, na ce ba zan tanka ba. Amma da na ga mutumin nan da ya ɗora wa wata ɗaliba Linux mai nauyi har laftof ɗinta ta sandare ya dawo yana kare kansa, har da cewa wai yarinyar ce ba ta da haƙuri, sai na ga shirun ya isa haka. Waɗanda suka je wurin sun san wa nake nufi, ba sai na kama suna ba.

Malam, ɗaliba ta zo maka da laftof 'yar gwanjo, Core i3, RAM (ma'adanar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita) 4GB, da tsohon faifan nan mai juyawa. Ta ji an ce Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, na'urarta kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi ya sa ta yarda a ɗora mata Linux, tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da ake sawa a madadin Windows. Kai kuma gwani na gwanaye, ka zuba mata Ubuntu, wani nau'in Linux, da fuskarsa ta allo wato GNOME, ka ƙara kayan ƙawa har tagogi na rangaji idan an ja su, ka ɗauki hoton allo ka watsa mana. Yarinya ta koma Rigasa, ta buɗe burauza da furojet ɗinta, na'ura ta sandare. Yanzu ta sa an mayar mata da Windows, tana kuma gaya wa ƙawayenta Linux ba ya aiki. Sannu da aiki, Malam. Allah ya ƙara basira.

Tambayata ɗaya ce: kafin ka soka filashi, ka tambaye ta RAM ɗinta nawa ne?

Ba ka tambaya ba. Da ka tambaya, da fuska mara nauyi irin Xfce ka sa mata, ko MATE, ko LXQt, ta tafi gida ta yi aikinta lafiya. Amma ina, a wurinka Xfce ta tsofaffi ce, wai kamannin kwamfutar shekarun baya gare ta. To ita furojet ta zo rubutawa ko gasar kwalliya ta shiga?

Ga waɗanda ba su saba ba: Linux ɗaya ne a ƙasa, fuskar da kake gani a allo ce ake canzawa, wato inda jerin manhajoji yake, yadda tagogi ke buɗewa, inda agogo da alamar batiri suke. GNOME fuska ce, KDE Plasma fuska ce, Xfce, Cinnamon, MATE, LXQt duk fuskoki ne. LibreOffice ɗin da ke kan GNOME shi ne dai a kan Xfce. Firefox ɗin ma shi ne. Bambancin yana ga abin da fuskar take cinyewa kafin ka buɗe komai, da kuma yadda hannun mutum ya saba. Su kansu masu Ubuntu 4GB suka rubuta a matsayin abin da Ubuntu 24.04 ke buƙata. Ma'ana yarinyar nan a bakin layi take tun kafin ta danna komai. Daidai ruwa daidai tsaki, wannan ko a gida an koya mana.

Na san abin da za a ce. Wai ai burauza ce ke cin RAM, ba GNOME ba. Gaskiya ne, burauza ta fi kowa ci. To shi ya sa ma za ka bar mata fili, ba ka cika wurin da rawar tagogi ba. Wai ta sayi SSD, wato faifan zamani mai sauri, ta ƙara RAM. Da kuɗin wa? Wadda kuɗin Keke daga Rigasa zuwa cikin gari sai ta lissafa? In kana da shi ka saya mata, mu yi maka addu'a. Wai Wayland, sabon tsarin zana tagogi a allo, ne makomar Linux, Xfce kuma har yanzu tana kan tsohon, wato X11. Malam, ita makomarta ranar da za ta miƙa furojet ce.

Abin da ya fi ba ni dariya, masu wannan tsaurin ra'ayin ba su ma san cewa rigimar ta girme su ba. A 1996 Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus. A 1997 Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan Meziko, suka kafa GNOME, saboda a lokacin lasisin Qt, kayan haɗa manhaja da aka gina KDE a kansa, bai kwanta wa masu rajin manhaja mai 'yanci ba. Ita ma Xfce ɗin da kake rainawa tun 1996 take, Olivier Fourdan ya fara ta. Da GNOME 3 ta fito a 2011 ta rushe tsarin da mutane suka saba, gari ya kama da wuta. Wasu suka ɗauki tsohuwar GNOME 2 suka ci gaba da ita da sunan MATE. Masu Linux Mint suka yi Cinnamon. Ubuntu ta kama tata fuskar mai suna Unity, sai 2017 ta dawo GNOME. Linus Torvalds da kansa, wanda ya fara Linux ɗin a 1991, a 2011 ya tattara ya koma Xfce na wani lokaci saboda haushi. Mai abin ya zauna a kan Xfce bai mutu ba, amma wani a Kaduna yana jin kunyar ɗora wa ɗaliba. Ikon Allah.

Kada wani ya fassara ni da cewa ina gaba da GNOME. Tana da kyau, tana da tsafta, a kan na'ura mai SSD da RAM 8GB zuwa sama tafiya take sumul. KDE Plasma ma ta rage nauyin da aka san ta da shi a da, kuma ita ce a kan na'urar wasan nan ta hannu, Steam Deck. Wanda ya fito daga Windows kuma na'urarsa na da ɗan ƙarfi, Cinnamon zan miƙa masa, don maɓallin jerin manhajoji na nan ƙasa ta hagu inda hannunsa ya saba zuwa. GNOME tsantsa ko maɓallin sauke taga ba ta zuwa da shi, sai dai Ubuntu ta mayar. Duk wannan ana tattaunawa. Amma bayan an tambayi RAM.

Bari in yi magana ta tsakani da Allah. Yawancin laftof ɗin da ke hannun yaranmu a KASU da Kadpoly, an gama cin moriyarsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Batiri ya gaji, wuta ba kullum ba, data da tsada. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 kusan 6GB ne, na Linux Mint Xfce wajen 3GB. Ga wanda ke sayen data kaɗan kaɗan, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Waɗannan na'urorin su ne Linux zai fi yi wa rana, su ne kuma muke korar masu su saboda muna son a ce mun iya. Wanda ya gwada sau ɗaya na'urarsa ta sandare, da wuya ya sake yarda, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba.

Abin takaicin ma, gyaran bai kai a goge komai ba. Umarni ɗaya ne, sudo apt install xfce4, ta fita, a allon shiga ta zaɓi Xfce, shi ke nan. Kuma tun farko ai ana iya tayar da Linux daga filashi ba tare da an ɗora ba, a bar mai na'ura ta taɓa, ta ga inda abubuwa suke, ta ce wannan nake so. Ba ka yi ko ɗaya ba, don ba ita kake kallo ba, hoton allo kake kallo. Ƙanwata, in kin ga wannan, ki kawo ta duk ranar da kika samu sarari, ba sai kin biya ko sisi ba.

Af, tunda ana maganar. Ku masu faɗan GNOME da KDE dare da rana, na lura yawancinku ko ƙ da ɗ da ɓ ba kwa iya bugawa a na'urorinku. Alhali tsarin madannan Hausa na Najeriya yana nan cikin jerin harsuna, kowace fuska kake amfani da ita, ka shiga saitin madannai ka ƙara shi kawai. Abin da na rasa shi ne sitikar mannawa a kan madannai mai waɗannan haruffan. Na zaga shagunan Ahmadu Bello Way, ta Larabci kawai ake miƙo min. Wanda ya san mai bugawa a garin nan ya yi min magana.